Yadda lissafi ke tona asirin abin da ke gudana a cikin tumbin dabbobi

A duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, ma'aikata da 'yan kasuwa da dama a biranen Arewa kan sayi rago ko sa tun da sauran watanni su ɗaure a gida, wasu domin layyarsu, wasu domin neman riba. Akan samu wanda ya ga lokaci ya ƙure, dabbar kuwa ba ta yi ƙibar da yake so ba, sai ya cika mata kwano da tsabar masara ko dawa a rana guda. Kafin kwana biyu dabbar ta daina cin abinci, ciki ya kumbura, zawo ya biyo baya, wani lokaci ma sai an yanka ta cikin gaggawa don kada ta zama mushe.

Mai dabbar kan ɗauka guba ta ci, wani ma ya ce kambun baka ne. A wajen masana kiwo kuwa, abin da ya faru yana da tsari sananne, wanda za a iya rubutawa da alƙaluma, a kuma hango shi tun kafin ya auku. Shekaru da dama ke nan masana lissafi da masana halittu suna aiki tare domin mayar da abin da ke gudana a cikin dabba zuwa ƙa'idojin lissafi, kuma a yau da waɗannan ƙa'idoji manyan gonakin duniya suke auna abincin shanunsu.

Wa ake ciyarwa a zahiri?

Saniya da tunkiya da akuya dabbobi ne masu tuƙa, kuma cikinsu ɗaki huɗu ne. Mafi girma shi ne tumbi, wanda a jikin babbar saniya yakan ɗauki fiye da lita 100. Wuri ne mai ɗumi, kimanin digiri 39 a ma'aunin Salshiyas, kuma kusan babu iskar oksijin a cikinsa.

Abin mamaki shi ne, jikin saniya ba ya samar da sinadarin da ke narkar da zaren da ke cikin ciyawa da kara. Wannan aiki na wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda suka mayar da tumbi mazauninsu. Akwai bakteriya, akwai furotozowa masu farautar bakteriyar, akwai dangin funfuna, sannan akwai wani jinsi mai samar da iskar metan. A cikin ƙaramin cokalin shayi guda na ruwan tumbi akwai bakteriya aƙalla biliyan 50, wato sun ninka yawan mutanen duniya fiye da sau shida.

Idan waɗannan halittu suka ruɓar da ciyawa, sai su fitar da wasu nau'o'in asid da bangon tumbi ke tsotsewa, kuma daga nan ne dabbar ke samun kimanin kashi 70 cikin 100 na kuzarinta. Bayan haka su kansu halittun sukan gangara zuwa sauran ciki da hanji a narkar da su, su zama tushen fiye da rabin furotin da dabbar ke gina nama da madara da shi. Ke nan duk wanda ya zuba wa rago harawa, halittun tumbi ya fara ciyarwa, su kuma su ciyar da ragon.

Masanin da ya buɗe wannan fage shi ne Robert Hungate na Amurka, wanda ya ƙirƙiro hanyar renon waɗannan halittu a ɗakin gwaji ba tare da iska ta taɓa su ba, ya kuma wallafa babban littafinsa a kan tumbi a shekarar 1966. A 2015 wani bincike na haɗin gwiwa ya duba samfura 742 daga jinsunan dabbobi 32 a ƙasashe 35, ya gano cewa manyan rukunan halittun tumbi kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma abincin dabba ne ya fi tasiri wajen sauya yawan kowane rukuni.

Mene ne samfurin lissafi?

Duk ɗan kasuwar da ke riƙe da littafin shige da fice ya riga ya san tushen wannan ilimi. Kayan da ke sito yau su ne na jiya, a haɗa da abin da ya shigo, a debe abin da ya fita. Haka masana suke yi wa tumbi. Sukan ware shafi ga zaren ciyawa, shafi ga sitaci, shafi ga furotin, shafi ga kowane rukunin halittu, sannan su rubuta ƙa'idar da ke nuna saurin shiga da saurin fita a kowane shafi. Kwamfuta kuma sai ta riƙa maimaita lissafin daƙiƙa bayan daƙiƙa har ta nuna yadda tumbin zai kasance bayan awa goma ko kwana goma. Tarin waɗannan ƙa'idoji shi ake kira samfurin lissafi.

Samfuran iri biyu ne. Na farko yakan tattara awon dabbobi masu yawa ya fitar da alaƙa tsakanin abu biyu ba tare da ya bayyana dalili ba. Fitaccen misali shi ne na Max Kleiber, wanda a 1932 ya nuna cewa buƙatar kuzarin dabba ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyinta. Sa mai kilo 400 ya ninka rago mai kilo 50 sau takwas a nauyi, amma a ƙa'idar Kleiber kuzarin da yake buƙata don ya rayu bai kai ninki biyar na ragon ba. Wannan ne ya sa ƙananan dabbobi suka fi buƙatar abinci mai inganci idan aka kwatanta da girman jikinsu. Haka kuma a 1967 wani masani a Ingila mai suna Wood ya fitar da ƙa'idar da ke zana yadda nonon saniya ke ƙaruwa bayan haihuwa, ya kai ƙololuwa, sannan ya riƙa raguwa.

Iri na biyu yakan bi diddigin dalili, ya kwaikwayi matakan da abinci ke bi ɗaya bayan ɗaya. Ya fi wahalar ginawa, amma shi ne ke iya amsa tambaya a kan abincin da ba a taɓa gwadawa ba.

Abin da ya kashe ragon

Ginshiƙin irin wannan samfuri ya fito ne daga Faransa. A 1942 Jacques Monod, wanda daga baya ya samu kyautar Nobel a 1965, ya nuna cewa saurin hayayyafar bakteriya yana ƙaruwa gwargwadon abincin da ke gabanta, har ya kai wata iyaka da ba ya wucewa. Kamar injin niƙa ne, idan ana ƙara masa hatsi gari na ƙaruwa, amma da zarar ya kai iyakar ƙarfinsa, ko buhu nawa aka jibge a gabansa ba zai ƙara sauri ba. Kowane jinsin bakteriya yana da tasa iyakar, kuma a wannan bambanci ne asirin mutuwar ragon yake.

A cikin tumbi akwai wata bakteriya mai son sitaci, Streptococcus bovis, wadda idan ta samu wadataccen hatsi takan ninka kanta cikin ƙasa da rabin awa. Halittar da ke ninkuwa duk rabin awa, idan babu abin da ya tare ta, guda ɗaya za ta haura miliyan ɗaya cikin awa goma. Ita wannan bakteriya, idan abinci ya yi mata yawa, wani asid mai ƙarfi take fitarwa, irin wanda ke sa nono tsami. Akwai wasu halittun da aikinsu shi ne cinye wannan asid, sai dai hayayyafarsu ba ta kai ta masu samar da shi sauri ba.

Idan aka zuba waɗannan alƙaluma a kwamfuta, sakamakon a bayyane yake. Asid yana taruwa fiye da yadda ake kwashe shi. Ma'aunin tsami da ake kira pH, wanda a lafiyayyen tumbi yake tsakanin 6 da 7, sai ya fara sauka. Da ya yi ƙasa da 6, halittun da ke narkar da ciyawa sai su raunana. Idan ya gangara ƙasa da 5, bangon tumbi ya fara ƙonewa, ruwan jiki ya kwararo cikinsa, dabba ta galabaita.

Samfurin ya kuma nuna mafita. Idan aka riƙa ƙara hatsin kaɗan-kaɗan cikin mako biyu zuwa uku, masu cinye asid sukan samu lokacin da za su yawaita. Idan kuma ba a yanke wa dabba harawa da ciyawa ba, za ta ci gaba da tuƙa, yawun da take haɗiya kuwa yana kashe kaifin tsamin. Babbar saniyar madara takan samar da yawu fiye da lita 100 a rana. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, kuma lissafi ya gaskata su a kan kiwon layya.

Tsere tsakanin narkewa da wucewa

Abincin da ya shiga tumbi hanya biyu ce a gabansa, ko halittu su narkar da shi, ko ya wuce gaba kafin su gama da shi. A 1979 Ørskov da McDonald, waɗanda suka yi aiki a birnin Aberdeen na Birtaniya, suka wallafa hanyar auna wannan tsere. Akan yi wa dabbar gwaji tiyata a sanya mata wata ƙofa mai murfi a gefen ciki. Sai a zuba abincin da ake son aunawa a ƙananan jakunkuna masu ramuka ƙanana, a jefa su cikin tumbi, a riƙa ciro su ɗaya-ɗaya bayan wasu awoyi har zuwa kwana biyu ko uku, ana auna abin da ya rage.

Daga wannan awo akan samu alƙaluma uku, wato kason da ke narkewa nan take, da kason da ke narkewa a hankali, da saurin narkewar kashi na biyun. A ɗauka, a matsayin misali kawai, wani abinci kashi 20 cikin 100 na furotin ɗinsa na narkewa nan take, kashi 60 kuma na narkewa da saurin kashi 5 cikin 100 a kowace awa. Idan dabba tana cin abinci kaɗan, abin da ke tumbi yana wucewa da saurin kashi 2 cikin 100 a awa, ƙa'idar ta nuna kimanin kashi 63 ne zai narke a tumbi. Idan kuwa saniya ce mai yawan ci, wadda abinci ke wuce mata da saurin kashi 8 cikin 100 a awa, kashi 43 ne kacal zai narke.

Darasin da ke ciki shi ne buhun abinci guda ba shi da daraja guda. Amfaninsa ya danganta da dabbar da ta ci shi da kuma yawan abin da take ci.

Irin wannan lissafi ne ke bayyana ramewar shanu da rani. Halittun tumbi suna buƙatar sinadarin naitirojin domin su hayayyafa. Idan furotin da ke cikin ciyawa ya yi ƙasa da kimanin kashi 7 cikin 100, kamar yadda yake faruwa ga busasshiyar ciyawa da karan dawa, sai halittun su ragu, narkewa ta yi jinkiri, tumbi ya cushe. Dabba sai ta kasa ƙara ci alhali cikinta a cike yake, jikinta kuwa yana zubewa. Ɗan ƙarin harawar wake ko ta gyaɗa, ko tunkuzar angurya, yakan farfaɗo da halittun, su narkar da karan da a da ya gagare su. Shi ya sa ɗan abin da aka ƙara yakan yi amfanin da ya fi girmansa.

Saniya a cikin kwamfuta

Da kwamfutoci suka ƙara ƙarfi, sai masana suka fara haɗa waɗannan gutsattsarin wuri guda. A 1987 Lee Baldwin na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, tare da abokan aikinsa na Birtaniya, suka wallafa samfurin saniyar madara sukutum, tun daga tumbi har zuwa hantsa, wanda aka fi sani da suna Molly. A 1992 masanan Jami'ar Cornell suka fitar da nasu tsarin na auna abincin shanu, wanda har yau manhajoji da dama na haɗa abincin dabbobi suke dogara da shi. A shekarar dai Jan Dijkstra na ƙasar Holan da abokan aikinsa suka wallafa samfurin tumbi wanda ya sanya furotozowa a lissafi, saboda yadda suke cinye bakteriya suna rage furotin da zai isa ga dabba.

Amfanin wannan ga mai gona a fili yake. Gwada sabon haɗin abinci a kan shanu na gaske yana cin watanni da kuɗi masu yawa, kuma akwai haɗarin asara. A kwamfuta kuwa za a iya gwada haɗi ɗari cikin awa guda, a zaɓi biyu ko uku mafiya alamar nasara da araha, sannan a gwada su a garke.

Gyatsar da ta shiga siyasar duniya

Yayin da halittun tumbi ke aikinsu, sukan saki iskar haidurojin, wadda wani jinsin ke mayarwa iskar metan, dabba kuma ta fitar da mafi yawanta ta hanyar gyatsa. Wannan asara ce ga mai dabba, domin tsakanin kashi 2 zuwa 12 cikin 100 na kuzarin abincin da ya saya yana bin iska. Asara ce kuma ga duniya, domin metan na cikin iskokin da ke ɗumama yanayi. Rahoton da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2013 ya ɗora wa harkar kiwo kashi 14.5 cikin 100 na iskar da ɗan Adam ke jawowa, kuma kusan kashi biyu cikin biyar na wannan daga cikin dabbobi masu tuƙa yake fitowa.

Babu ƙasar da za ta iya auna gyatsar kowace saniya, don haka da lissafi ake ƙiyastawa. Ƙa'idar da kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shimfiɗa a 2006 ta ɗauka cewa kashi 6.5 cikin 100 na kuzarin abincin yawancin shanu ne ke zama metan. Da wannan ƙa'ida, saniyar da ke cin kilo 6 na abinci a rana, idan an debe ruwan da ke cikinsa, za ta fitar da kimanin kilo 47 na metan a shekara. Da irin waɗannan alƙaluma ake rubuta rahoton kowace ƙasa. Najeriya na cikin ƙasashen da suka shiga alƙawarin da aka ƙaddamar a taron Glasgow na 2021, na rage metan a duniya da kashi 30 cikin 100 kafin 2030, saboda haka alƙaluman da aka jingina wa shanunta suna da nauyi a teburin tattaunawa.

Lissafi ya kuma taimaka wajen neman magani. Ta hanyar kwaikwayon surar sinadarai a kwamfuta aka gano wani ƙarin abinci da ake sayarwa da sunan Bovaer, wanda ke toshe matakin ƙarshe na samar da metan. Tarayyar Turai ta amince da shi a 2022, kuma yana rage metan ɗin shanun madara da kimanin kashi 30 cikin 100.

Inda lissafin ke tuntuɓe

Samfurin lissafi ba ya sanin abin da ba a auna aka ba shi ba. Mafi yawan waɗanda aka ambata an gina su ne da awon shanun Turai da Amurka, irin su Holstein, waɗanda ke zaune a inuwa suna cin abincin da aka auna musu. Bunaji da Rahaji da Bokoloji kuwa shanu ne masu tozo, kuma majalisar bincike ta Amurka da kanta ta ƙiyasta cewa kuzarin da masu tozo ke buƙata don riƙe jikinsu ya gaza na shanun Turai da kimanin kashi 10 cikin 100. Ga doguwar tafiyar neman kiwo da ruwa, ga zafin rana, ga sammore da tsutsar ciki, ga ramewar rani da murmurewar damina, waɗanda duk suna sauya lissafi.

Abincin ma daban yake. Ganyaye da 'ya'yan itatuwa da dabbobi ke dogara da su da rani, musamman bagaruwa, suna ɗauke da sinadarin nan da majema ke jeme fata da shi. Yakan ɗaure furotin ya hana halittun tumbi taɓa shi, kuma yakan rage metan. Samfurin da bai san da wannan ba zai ba da amsa da cikakken alƙalami, amma amsar ba daidai ba ce. Mai gonar da ya sayi manhaja daga waje ya bi ta ido rufe zai iya kashe kuɗi a kan abincin da shanunsa ba sa buƙata, ko ya tauye musu wanda suke buƙata.

Wasu ƙasashe sun riga sun ɗauki mataki. Brazil, wadda mafi yawan shanun namanta masu tozo ne, ta fitar da nata kundin buƙatun abincin shanu a 2006 ƙarƙashin jagorancin masanan Jami'ar Viçosa, ta kuma ci gaba da sabunta shi da awon da aka yi a gonakinta. A Nairobi ta ƙasar Kenya, Cibiyar Binciken Dabbobi ta Ƙasa da Ƙasa ta kafa sashen Mazingira, mai ɗakuna na musamman da ake sanya dabba a auna iskar da take fitarwa, domin a samu alƙaluman shanun Afirka na haƙiƙa.

Najeriya ba daga tushe za ta fara ba. Cibiyar Binciken Kiwon Dabbobi ta Ƙasa da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta daɗe tana nazarin shanu da tumakin gida da abincinsu, haka ma sassan kimiyyar dabbobi na jami'o'i da dama. A 2024 kuma Gwamnatin Tarayya ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi. Aikin da ke gaba shi ne a tattara awon da ke warwatse a kundayen bincike, a auna harawa da dusa da kowa da 'ya'yan gawo a cikin tumbin Bunaji da Balami da Uda, sannan a daidaita samfuran da waɗannan alƙaluma, domin sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kafin a kai ga haka, akwai abin da lissafin ya riga ya tabbatar wanda ya shafi duk mai rago a ɗaure a bayan gida. Ya ƙara hatsi sannu a hankali cikin mako biyu zuwa uku, kada ya raba dabba da harawa da ruwa mai tsafta, kuma idan ya ga ta daina tuƙa, ya nemi likitan dabbobi tun kafin ciki ya kumbura.